Baba Zai-yi-rana da Dillalin da Ba Ya Ciniki

Ja kujerar nan ka zauna, ke ma matso, akwai wuri. Ku kife wayoyinku a tebur na ɗan lokaci. Labarin nan ma rabinsa a cikin waya ya faru, sauran rabin kuma a wani ɗaki da ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an sa kafaɗa.

Mai ɗakin, ba wanda ke kiransa da sunan yanka a layinsu. Baba Zai-yi-rana ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun yana saurayi yake gyaran kayan lantarki na gida: fanka, dutsen guga, butar dafa ruwa, injin markaɗe, rediyo. In ka kai masa abin da ya mutu murus, sai ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Wannan kam sai haƙuri, je ka sayi sabo." Kana ba da baya za ka ji yana kwance shi. Ya cire maɓalli, ya cire murfi, ya zare 'yar robar da ke ƙarƙashi, ya goge su da tsumma ya jefa a gwangwani. Ka tambaye shi me zai yi da su, amsarsa ɗaya ce: "Bar shi, zai yi rana."

Kuma sau da yawa yakan yi ranar. Mace za ta zo da fankar da kamfaninta ya daɗe da rufewa, an ce mata ba a samun kayanta ko'ina. Baba ya shige ƙuryar shago, a ji ƙaraf-ƙaraf, ya fito da ƙura a gira da abin a tafin hannu. Wannan fitowar ita ce daɗin duniyarsa. Ko kuɗin bai cika damuwa da su ba, kallon fuskar mai kaya ya ishe shi.

Da ido ya fara rauni, hannu kuma ya fara rawa wajen kama ƙananan kusoshi, sai ya rufe shago ya kwaso komai ya kawo gida. Gidan ɗan ƙaramin bene ne. Sama ɗakunan kwana, ƙasa falo da kicin da ɗaki ɗaya. Wannan ɗakin ne ya haɗiye shagon: kwalaye har rufi, gwangwanaye a kan kwalaye, fikafikan fanka rataye a ƙusa kamar an shanya su. Matarsa tela ce, kekenta na falo a bakin taga. Ta yi mita, ta yi fushi, ta yi shiru, daga baya ta ɗinka labule ta rufe ƙofar don kada baƙi su tambaya.

Haka ake zaune har ranar da Yaya ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu.

Yaya ita ce babbar yayar Baba. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma har yau da furfurarsa da komai Auta take kiransa. Aka yi mata aiki, likita ya ce za ta tashi, amma ita da matakala sun yi sallama. Ɗanta guda ne, yana aiki a wani gari mai nisa, shi da matarsa suna fita tun safe. Ya tare Baba a barandar asibiti ya ce, "Kawu, in ɗakin ƙasan nan ya samu kafin a sallame ta, ta zauna wurinku, shi ma take so. In bai samu ba dole in tafi da ita, in ɗauki mai kula da ita."

Da suka koma ciki wurin Yaya, daga kan gado ta ɗaga yatsa. "Auta, ka ji ko? In ka bari aka kai ni can ina hira da bango saboda murfin buta, ko na mutu sai na dawo na ja maka kunne."

"Haba Yaya, ɗaki ai kamar an gama."

"Haka ka ce mini kan wankin rigar makarantarka."

Da suka dawo gida matarsa ta ce, "Malam, abu mai sauƙi. A kira masu sayen tsofaffin ƙarafa, su auna, su kwashe."

Baba ya dube ta kamar ta ce a yanka kaza mai ƙwai. "A kilo? Uwargida, kin san abin da ke ɗakin nan? Duk mai rai ne. Kowane ɗaya akwai wanda ke nemansa, bai dai san inda yake ba."

"To ai sai ka gaya masa." Ta ɗauko waya ta buɗe masa manhajar da take sayar da rigunan yara a ciki, wata kasuwar intanet inda kowa ke baje kayansa, sabo da tsoho. Ta nuna masa yadda ake ɗaukar hoto, a rubuta bayani, a sa farashi.

Baba ya shimfiɗa farin zane a tebur ya fara ɗaukar hotuna kamar mai hoton biki. Murfin injin markaɗe ya fara sawa. Washegari da hantsi waya ta yi ƙara: an saya. Wata mata ce daga can wani gari, ta rubuto cewa ta gaji da danne bakin injinta da faranti. Baba ya zagaya falo har ya kusa ture keken ɗinki.

"Ban gaya miki ba? Ya yi rana!"

Ya naɗe murfin a takarda, ya sa a kwali. Sai ya tsaya. Shi a rayuwarsa bai taɓa sallamar mai saye hannu biyu ba gyara ba. Ya kuma san irin wannan injin: in murfi ya fashe, robar gindi ce ke biye. Ya lalubo robar ya jefa a kwalin, ya liƙe, ya kai ofishin aika kaya.

Da kayan suka isa, kuɗi suka shigo. Baba ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge, ya sake dubawa.

"Uwargida, zo ki gani. An yi mini sata."

Ta leƙo, allura a baki. "Ba sata ba ce, la'ada ce."

Ta zauna ta warware masa. Masu manhajar suna ɗaukar wani kaso daga farashi, wannan ɗaya. Suna ɗaukar kaso daga kuɗin aikawa ma, duk da ba aljihun mai sayarwa suke shiga ba. Sannan akwai wani tsayayyen kuɗi a kan kowane ciniki, ko firji ka sayar ko cokali, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ita da rigunanta ba ta cika jin zafinsa ba. A kan murfi kuwa, shi kaɗai ya cinye kusan rabi. Abin da ya rage wa Baba bai kai kuɗin motar da ya shiga zuwa ofishin aika kaya ba.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji Baba. "Ni na san dillalai. Dillali yakan sha rana, ya yi zufa, ya rantse da abin da bai gani ba, sannan ya karɓi la'ada daidai girman kaya. In abin ƙarami ne ma cewa yake, bar shi, Allah ya kai mu babba. Wannan wane irin dillali ne? Haɗa ni da shi."

Ta buɗe masa wurin da ake tura ƙorafi. Baba ya gyara zama ya rubuta sallama, ya tambayi aiki da iyali da gajiya. Nan take aka amsa masa da fara'a, aka ce ana farin cikin taimaka masa.

"Kin gani? Yaron kirki ne, yana da tarbiyya."

"Malam, na'ura ce."

"Ko na'ura ce ai tana da maigida."

Ya bayyana cewa kayansa ƙanana ne, a duba a rage masa. Aka gode masa, aka turo masa bayanin kuɗaɗen. Ya ce ya gani, shi ragi yake nema, a raba tsayayyen kuɗin nan biyu. Aka sake gode masa, aka sake turo bayanin. Sai Baba ya yi abin da yake yi a kasuwa in ciniki ya ƙi: ya rubuta "To shi ke nan, na tafi," ya ajiye wayar, ya naɗe hannu yana jira a kira shi a ce dawo. Ya jira har shayinsa ya huce. Da ya ɗauka, abin da ya tarar shi ne tambaya, wai tauraro nawa zai ba su kan yadda suka taimaka masa.

Matarsa ta yi dariya har ta soke yatsa da allura.

Amma Baba bai janye ba. Ya ce tunda dillalin nan a kan kowane ciniki yake cizo, to kowane ciniki sai ya ɗauki kaya da yawa. Wani zai ce ai sai ya haɗa kaya ya ƙara farashi. Ina! Shi a ganinsa wanda ya zo neman maɓalli, maɓalli zai biya. Sauran gyara ce. Ka sayi maɓallin fanka, ka buɗe kwali ka tarar da maɓallin, da abin da zai lalace bayansa, da wanda zai lalace bayan wancan. Kwalaye suka yi nauyi, ma'aikaciyar ofishin aika kaya ta riƙa ɗora su a sikeli tana cewa, "Baba, ya wuce abin da mai saye ya biya, sai ka cika." Baba ya cika daga aljihu.

"Malam," in ji matarsa, "kai ne mutum na farko da na gani yana biya don a raba shi da kayansa."

Ta faɗa ne kawai. Da ta leƙa ta ga ƙofar ɗakin ta fara buɗuwa ba kafaɗa, sai ta ja bakinta. Har ma in ya juya baya takan ƙara wa kwalin wani abu.

Masu saye kuwa suka cika shafinsa da yabo. Wani ya rubuta cewa ya sayi filogi an aiko masa da rabin shago. Suna ya bazu. To a nan ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Wata safiya mai kawo saƙo ya tsaya a ƙofar gida da kwali. Baba bai sayi komai ba. Ya buɗe ya ga murafe da maɓallai da igiyoyin wuta. Matar nan ce mai injin markaɗe. Ta turo saƙo ta waya: "Baba, ina da waɗannan, in na sa a kasuwa la'ada za ta cinye, zubarwa kuma ba na iyawa. Kai ka san masu buƙata."

Bayan kwalinta wani ya zo, bayansa wani. Ashe gari-gari akwai masu aljihun tebur cike da ƙananan abubuwan da suka fi ƙarfin shara amma ba su kai kuɗin dillali ba. Duk suka sami inda za su sauke nauyi, tunda adireshin Baba na jikin kowane kwalin da ya aika.

Baba ya riƙa buɗewa yana murna. "Kai! Wannan an daina yin sa tun kafin mu yi aure!"

Matarsa ta dafe kai. "Ana kukan targaɗe sai ga karaya."

Ana cikin haka ɗan Yaya ya iso da keken marasa lafiya a bayan mota. Ya gaida su, ya tura keken zuwa ɗakin. Ƙafafun gaba suka shiga, na baya suka tsaya a waje. Ya ja, ya karkata, ya sake turawa, wani gwangwani ya faɗo ya watsa kusoshi a ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kawu, ƙarshen makon nan za a sallame ta. Ba laifi, na riga na yi magana da wata mai kula da tsofaffi a can."

Ranar Baba bai ce komai zai yi rana ba. Ya durƙusa yana tsince kusoshi ɗaya-ɗaya har baƙon ya tafi.

Da safe yana juya cokali a kofi ya ce, "Uwargida, dillalin nan, yana karɓar la'ada a kan gyara?"

"A'a. Farashi da kuɗin aikawa kawai yake gani."

"In mai saye ya zo da ƙafarsa fa?"

"Babu kuɗin aikawa ke nan."

Ya miƙe, ya ɗauko murfin wata butar lantarki, ya ɗora a farin zanensa ya ɗauki hoto. Ya juya ya ɗauki hoton ɗakin daga bakin ƙofa. Ya rubuta: "Murfin buta, lafiyayye, farashinsa na kullum. Gyara: duk abin da ke cikin ɗakin nan. Mai saye ya zo da babbar mota gobe. Ba a zaɓe, ba a bari."

"Ban zubar ba," ya ce, "ban sayar a kilo ba. Shi kuma gogan naki la'adar murfi ɗaya zai ci."

Kafin ya shanye shayin an saya.

Washegari wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta yi ribas har bakin ƙofa. Wanda ya diro daga ciki ya sa Baba ya riƙe ƙyaure. Mutumin da ake kira Yanzu-yanzu ne. Shi ma mai gyaran kayan lantarki ne, shagonsa na fuskantar tsohon shagon Baba, kuma ya sami sunansa ne don duk wanda ya kai masa aiki sai ya ce "yanzu-yanzu," a yi wata ana zarya. Shekara da shekaru suna harara ta tsallaken titi. Baba yana cewa Yanzu-yanzu da guduma yake gyaran rediyo. Shi kuma yana cewa Baba ba mai gyara ba ne, mai gadin bola ne. Sau nawa ya aiko neman wani ƙaramin abu Baba ya ce babu, alhali yana da gwangwani guda.

"Salamu alaikum, mai gadi," in ji Yanzu-yanzu, haƙora duk a waje. "Na zo karɓar murfina."

"Kai ne?"

"Ni ne. Hoton kawai na gani na gane fikafikan nan. Ai na daɗe ina hango su daga nesa."

Baba ya ja matarsa gefe. "Ana iya sokewa?"

"Ana iyawa. La'adar dai ba ta dawowa. Kuma gobe ake sallamar Yaya."

Baba ya dubi ɗakin, ya dubi motar, ya dubi keken da ɗan Yaya ya bari a jingine a falo. Sannan ya ɗauko murfin butar ya miƙa da hannu biyu, yadda yake miƙa wa kowane mai saye.

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

"Amin. Gyara fa?"

"Shiga ka ɗiba, tsohon banza. Kuma in ka jefa mini kwali ɗaya sai na fasa."

Aka shiga lodi. Baba ya ce ba zai taɓa ba, amma kwali na biyu yana fitowa ya karɓe. "Ba haka ake ɗauka ba, akwai gilashi a ciki! Wannan a sama. Wancan kada rana ta taɓa shi." Can matarsa ta hango shi yana tura wani ɗan gwangwani bayan labule da ƙafa. Yanzu-yanzu ma ya gani.

"A'a, mutumina. Ba a zaɓe, ba a bari. Da hannunka ka rubuta."

Baba ya fito da gwangwanin yana ƙunƙuni. Da la'asar ɗaki ya zama wayam, muryar mutum har amsawa take. Aka share, aka wanke, aka goge bango, aka shigo da gado. Matarsa ta cire labulen ƙofar ta yi wa gado shimfiɗa sabuwa.

Washegari ɗan Yaya ya turo ta a keke. Keken ya shige sumul, ya juya a tsakiyar ɗaki ba abin da ya taɓa. Yaya ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta tsaya a bangon gabas inda rana ke shigowa.

"Ikon Allah. Auta, ashe ɗakin nan yana da taga?"

"Da ma tana nan, Yaya."

"To a buɗe mini ita. Kai kuma," ta juya ga ɗanta, "je ka sallami mai kula da tsofaffinka. Ga tsohona nan, shi zai kula da ni."

Yanzu Yaya na nan a ɗakin, ta fara takawa da sanda, kuma ta taga take sa ido kan duk wanda ya wuce a layi. Kwalaye in sun zo, mai kawo saƙo ya san inda zai karkata da su: shagon Yanzu-yanzu. Shi kuwa Yanzu-yanzu, kwana biyu da kwashe kaya ya bugo waya, wai ya buɗe gwangwanaye ya rasa gane kan rabinsu. Baba ya bar wayar ta yi ta ƙara don ya ji daɗi, sannan ya ɗauka. Tun daga ranar, in ya kai wa Yaya shayinta ya ga ta sha magani, sai ya sa hula ya nufi shagon. An ajiye masa kujera mai matashi a bakin ƙofa. Mai kaya ya zo, Yanzu-yanzu ya ce babu, Baba ya ce, "Akwai. Kwali na ƙasa, gwangwanin madara mai tsatsa." Suna faɗa daga safe har azahar, ba wanda ke biyan wani ko sisi.

A layin har yau ba a daina gardama ba. Mai askin layin ya ce an yi wa Baba wayo, tarin shekaru ya tafi a kuɗin murfi. Matar Baba ta ce a duk masu sayarwa a manhajar nan mijinta kaɗai ta sani da ya fitar da mota guda ta kaya dillali ya tashi da la'adar murfi. Yaya ta ce ita ba ruwanta, ta sami taga.

Ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, a wannan ciniki wa ya ci wani?